Litiyum a Ƙasa, Batir Daga Waje: Wa Zai Raini Masu Bincike?

Tun bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wutar lantarki ga wani rukunin masu amfani da ita a Afrilun 2024, batir ya tashi daga kayan masu hali ya koma abin buƙata a gidaje da shaguna da asibitoci a arewacin Nijeriya, domin duk wanda ya ɗora farantan sola a kan rufinsa ya gane cewa rana ba ta yi masa aikin dare sai da wurin da zai tara wutar. A daidai wannan lokaci ne kuma labarin litiyum ya cika kafafen yaɗa labarai, musamman bayan da aka ƙaddamar da masana'antar kamfanin Avatar na 'yan China a Jihar Nasarawa a Mayun 2024, wadda aka ce za ta iya sarrafa tan 4,000 na dutsen a kullum. Daga nan mahawara ta kaure: wasu na cewa sabon man fetur ne ya zo, wasu na cewa a hana fitar da ɗanyen dutse a kafa masana'antar batir a gida, wasu kuma na ganin duk mafarki ne. Matsayin wannan sharhi shi ne cewa dukkan ɓangarorin sun tsallake tambayar da ta fi nauyi, wato su wa za su san kayan, a ina za a raine su, kuma da me za a riƙe su shekara ashirin a kan aiki guda. Ƙasar da ta mallaki dutsen amma ba ta da mai binciken da zai auna shi, ya tace shi, ya gwada abin da aka yi da shi, za ta zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kafin a auna hujjojin kowane ɓangare, ya kamata a fayyace abin da ake magana a kai. Batirin litiyum yana da sassa uku da suka fi muhimmanci: katod, wato ɓangaren da ke ɗauke da litiyum tun daga masana'anta, anod, wato ɓangaren da litiyum ke komawa ya zauna idan ana caji, wanda galibi ake yi da girafait, baƙin ma'adinin nan da ke cikin fensir, sai elektrolait, wato ruwan da ƙwayoyin litiyum masu ɗauke da caji ke ratsawa tsakanin ɓangarorin biyu. Duk sirrin yana cikin yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikin waɗannan kayayyaki, domin idan sun jeru hawa bisa hawa da sarari a tsakaninsu, litiyum zai shiga ya fita sau dubbai ba tare da ginin ya rushe ba, idan kuma jerin ya saɓa, batirin zai mutu cikin 'yan watanni ko ya kama da wuta. Fannin da ke nazarin wannan alaƙa tsakanin jerin zarra da halayen abu shi ne kimiyyar kayan ƙira, kuma a cikinsa ne aka yi kusan duk wani ci gaba da batir ya samu. Sakamakon ba ƙarami ba ne, domin farashin batir da ya haura dala 1,000 a kan kowace kilowat-awa a 2010 ya sauko zuwa kimanin dala 115 a 2024, bisa ƙididdigar BloombergNEF, kuma wannan saukar ce ta sa sola mai batir ta fara gogayya da janareto.

Tarihin wannan fasaha, idan aka bi shi a tsanake, tarihi ne na mutanen da aka bari suka daɗe a kan tambaya ɗaya. Stanley Whittingham, ɗan Birtaniya, ya shiga kamfanin mai na Exxon a 1972, kuma a shekarun da rikicin mai na 1973 ya tsorata Amurka ne ya haɗa batirin litiyum na farko mai karɓar caji, da katod na taitaniyum da farar wuta, wanda ke ba da bolt biyu da ɗoriya, amma yana da haɗarin kamawa da wuta saboda zallan ƙarfen litiyum da ke ɗaya ɓangaren, kuma da farashin mai ya sauka sai kamfanin ya janye hannu. John Goodenough ya yi shekara 24 a ɗakin bincike na Lincoln a Amurka yana nazarin sinadaran da ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin, galibi ba tare da batir a ransa ba, kafin ya koma Jami'ar Oxford a 1976, inda a 1980, yana da shekara 57, shi da abokan aikinsa irin su Koichi Mizushima suka nuna cewa katod na litiyum da kobal zai ba da bolt huɗu. Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei a Japan ya ɗauki wannan katod ya haɗa shi da anod na gawayin da ake samu daga tace man fetur a 1985, abin da ya kawar da buƙatar zallan litiyum, sannan kamfanin Sony ya fitar da batirin kasuwa a 1991. Kusan shekara ashirin ke nan daga ɗakin gwaji zuwa kanti, a nahiyoyi uku, kuma lambar yabo ta Nobel ba ta iske su ba sai 2019, lokacin da Goodenough ke da shekara 97. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Wace jami'a ce a wannan yanki za ta ƙyale malami ya yi shekara ashirin yana nazarin abin da ba a ga amfaninsa ba tukuna, tana biyansa abin da zai riƙe iyali, ba tare da an mayar da shi shugaban kwamitin jarrabawa ko mai neman aikin sa-ido a zaɓe ba?

Masu shakka suna da amsa mai ƙarfi a nan, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa Ingila ce ta gano katod ɗin, amma Jami'ar Oxford ba ta ma nemi haƙƙin mallakar fasahar ba, har Goodenough ya miƙa shi ga cibiyar binciken nukiliya ta Harwell, shi kansa bai ci ribar ba, Japan ce ta ci kasuwar, yau kuma China ke ƙera kimanin kashi uku cikin huɗu na baturan duniya. Suna ƙara da labarin katod na litiyum da baƙin ƙarfe da fosfet, wanda ake taƙaitawa da LFP, da aka gano a ɗakin binciken Goodenough a Jami'ar Texas wajen 1996 zuwa 1997, amma kamfanin A123 na Amurka da ya yi ƙoƙarin cin kasuwarsa ya karye a 2012, kamfanin Wanxiang na China ya saye shi, kuma a yau kusan duk baturan wannan nau'i a China ake yin su. To, in bincike ne ke kawo arziki, ina arzikin Ingila da Amurka a wannan fage?

Hujjar gaskiya ce, sai dai ta tsaya a rabin labari. China ba ta ci kasuwar da arhar lebura kaɗai ba. Chen Liquan, masanin Cibiyar Fiziks ta Kwalejin Kimiyya ta China, ya tafi Jamus a 1976, ya ga binciken da ake yi a kan daskararrun abubuwa masu barin litiyum ya ratsa su, ya koma gida a 1978 ya kafa wannan fanni, ya yi shekaru yana yaye ɗalibai a lokacin da ƙasarsa ba ta da kasuwar motar lantarki ko kaɗan. Zeng Yuqun, wanda ya kafa kamfanin CATL a 2011, kamfanin da yau ke riƙe da fiye da kashi ɗaya cikin uku na kasuwar batirin motoci a duniya, a wannan cibiya ya yi digirinsa na uku, kuma Wang Chuanfu da ya kafa BYD a 1995 mai binciken sinadaran batir ne kafin ya zama ɗan kasuwa. Gwamnati ta biyo baya da tallafin motocin lantarki daga 2009, da kuma kare kasuwar cikin gida daga kamfanonin Koriya da Japan na wasu shekaru, amma tallafin ya tarar da mutanen da aka riga aka raina. Abin da China ta yi daban shi ne ta ajiye mai bincike kusa da layin ƙira, inda ake koyon irin ilimin da ba ya shiga takarda: kaurin kunun katod kafin a shafa shi a fallen alminiyum, saurin busar da shi, da yawan ƙurar da za ta iya lalata dubban batura. Kowa ya san cewa da baba da toka da katsi ake haɗa marina, amma ba kowa ne zai fitar da shuɗin da marinan Ƙofar Mata ke fitarwa ba. Turai ta gane haka da tsada, domin kamfanin Northvolt na Suwidin, bayan ya tara biliyoyin daloli ya gina katafariyar masana'anta, ya kasa fitar da batura masu kyau a yawan da ya alkawarta, ya nemi kariyar kotu a Amurka a Nuwamban 2024, ya kuma karye a gida a Maris ɗin 2025, kamar yadda Britishvolt na Birtaniya ya riga shi faɗuwa a Janairun 2023 tun bai fara ƙira ba. Darasin da ke ciki shi ne cewa bincike ba tare da masana'anta ba kyauta ce ga wasu, masana'anta kuma ba tare da ƙwararrun hannu ba kabarin kuɗi ce.

Wannan ya kai ga ɓangare na biyu, masu cewa a hana fitar da ɗanyen dutse kawai, masana'antu za su biyo. Suna kafa hujja da Indonesiya da ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, da Zimbabwe da ta hana fitar da ɗanyen litiyum a Disamban 2022, da Namibiya da ta bi sahu a 2023, da kuma sharaɗin da ma'aikatar ma'adinai ta Nijeriya ta gindaya cewa mai neman lasisi ya zo da shirin sarrafawa a cikin gida. Manufar tana da kyau, kuma ta fi barin manyan motoci suna kwasar dutse zuwa tashar jiragen ruwa. Amma kalmar sarrafawa tana ɓoye matakai masu nisa da juna. Niƙa dutse a tace shi ya zama gari mai ɗauke da kimanin kashi 6 cikin 100 na sinadarin litiyum shi ne mataki na farko, kuma shi ne mafi sauƙi. Bayansa sai an gasa garin a zafin da ya haura digiri 1,000, an dafa shi da ruwan asid, an yi ta tacewa har a sami gishirin litiyum mai tsarkin kashi 99.5 cikin 100, wanda tan ɗaya nasa ke cinye kusan tan takwas na garin, sannan a haɗa katod, sannan a naɗe batir a ɗakunan da aka tsotse wa danshi kusan gaba ɗaya. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Idan injiniyoyin masana'antar daga waje suke, na'urar auna ƙarfin dutsen tasu ce, kuma su ne masu sayen garin, wa zai ce wa gwamnati harajin da aka biya ya yi daidai da abin da aka ɗauka? Ga shi kuma farashin ba abin dogaro ba ne, domin gishirin litiyum da ya kusa kai yuwan 600,000 a kan tan a ƙarshen 2022 ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 kafin ƙarshen 2024.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma misalan ba su da nisa. An yi kusan ƙarni ana haƙar kuza a tsaunukan Jos, a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait, amma abin da ya rage wa Filato shi ne tafkuna masu haɗari, ba tare da an gada wata masana'antar kayan ƙira ba. Nijar ta fara fitar da yuraniyum daga Arlit a 1971, amma har yau mafi yawan 'yan ƙasar ba su da wutar lantarki. A Disamban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara ƙanana da ke aiki a ramukan litiyum marasa lasisi a Pasali da ke Nasarawa. Idan yaron da ya kamata ya zama masanin sinadarai shi ne ke tsintar dutse a buhu, to an riga an zaɓi matsayin da ƙasa za ta tsaya a wannan ciniki.

Ɓangare na uku su ne waɗanda suka gaji, masu cewa duk wanda aka horar zai tafi, don haka kashe kuɗi a kan mai bincike ciyar da jami'o'in Turai da Amurka ne. Su ma suna da shaidu biyu daga Afirka. Rachid Yazami, haifaffen Fas a Maroko, shi ne ya nuna a Grenoble ta Faransa a 1980 cewa litiyum na iya shiga girafait ya fita ta hanyar caji, aikin da ya sa ya raba lambar yabo ta Draper da Goodenough da Yoshino da Yoshio Nishi a 2014, amma a Faransa da Amurka da Singafo ya yi rayuwar bincikensa. Michael Thackeray na Afirka ta Kudu ya tashi a cibiyar bincike ta CSIR a Pretoria, inda Johan Coetzer ya jagoranci ƙirƙiro batirin sodiyum mai zafi da ake kira ZEBRA, ya je Oxford a farkon shekarun 1980 inda ya gano katod na litiyum da manganis, ya koma gida ya ci gaba da aiki, sannan a 1994 ya tafi ɗakin bincike na Argonne a Amurka, inda aka haɓaka katod na nikel da manganis da kobal da ke cikin miliyoyin motoci a yau. Sai dai labarin Thackeray, idan aka duba shi da kyau, hujja ne a kan masu kawo shi, domin mutumin ya dawo, ya zauna fiye da shekara goma, bai tafi ba sai da cibiyarsa ta janye daga binciken, a ƙasar da ta fi kowace arzikin manganis a duniya, shi kuma batirin ZEBRA a Suwizalan aka ƙare ana ƙera shi. Ruwa ba ya tsami banza. Mai bincike yana tafiya ne idan aikin ya mutu a hannunsa, kuma Maroko, da alama, ta fahimci haka, domin ta haɗa arzikinta na fosfet da jami'ar bincike ta Muhammad na Shida a Benguerir, sannan a 2024 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Gotion na China don gina masana'antar batir a Kenitra.

Me rayuwar mai binciken batir ke buƙata a zahiri? Aikin yana da tsawo kuma ba shi da armashi ga mai kallo. Ɗalibi zai niƙa sinadarai, ya gasa su a tanderu na tsawon sa'o'i a zafin da ba a son ya motsa, ya kai garin na'urar da ke harba hasken eksire don gano yadda zarra suka jeru, sannan ya zura hannuwansa cikin dogayen safar roba na wani akwatin gilashi da aka cika da iskar agon, saboda litiyum ba ya shiri da danshi, ya haɗa ɗan batir mai girman sulalla. Daga nan sai jira, domin za a jona shi a na'urar da ke caji da sauke caji dare da rana, sau ɗaruruwa, wani lokaci watanni, kuma ɗaukewar wuta ta sa'a ɗaya tana iya ɓata gwajin da aka fara tun damina. Jeff Dahn na Jami'ar Dalhousie a Kanada, wanda ya ga yadda baturan zallan litiyum na kamfanin Moli suka jawo janye kaya daga kasuwa a 1989 bayan wata waya ta kama da wuta a Japan, ya yi suna ne a kan wannan aiki na auna tsufan batir da tsananin daidaito, har Tesla ta ƙulla haɗin gwiwa da shi daga 2016. A kwatanta wannan da jami'ar da aka rufe wata takwas a yajin aikin 2022 bayan wata tara a na 2020, wadda ake ƙara wa malaminta girma da ƙidayar takardun da ya wallafa ba tare da duban nauyinsu ba, wadda kuma ma'aikacin da ke kula da na'urori, mutumin da babu gwaji sai da shi, ba shi da wata hanyar ɗaukaka. Irin wannan tsari yana haifar da takardu masu yawa a kan sinadaran da aka haɗa sau ɗaya aka aika waje aka auna, ba ya haifar da mutumin da kamfani zai kira idan baturansa sun fara kumbura. Ba ƙarancin basira ba ne. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Ba kuma daga fili za a fara ba. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004 da ake amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin samfur. Akwai cibiyar makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Akwai cibiyar binciken ƙarafa a Jos, da ɗakunan gwajin ma'adinai na tarayya a Kaduna, da cibiyar kimiyya ta Sheda, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Abuja da ke ba da digiri a kimiyyar kayan ƙira. Matsalar ita ce ana yawan kafa sabuwar cibiya da sabon gini da sabon darakta, alhali tsohuwar na neman kuɗin iskar agon da na gyaran na'ura.

Tambayar da ta rage ita ce wane bincike ya dace, kuma a nan wannan sharhi ya rabu da masu son a yi tsere da manyan duniya. Batir mai daskararren elektrolait, wanda ake fatan zai ƙara nisan tafiyar mota ya rage haɗarin gobara, Toyota ta sa masa wa'adin 2027 zuwa 2028 bayan ɗage-ɗage, kuma fage ne na masu biliyoyi. Shiga cikinsa da kasafin jami'ar jiha ɓarnar kuɗi ce. Iya ruwa fidda kai. Akwai tambayoyin da babu wanda zai amsa su a madadin wannan yanki, kuma ta farko ita ce zafi. Ana ƙayyade ingancin batura a digiri 25, kuma sananne ne cewa batirin dalma, irin na mota da na yawancin tsofaffin inbata, yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri goma, shi ma na litiyum yana saurin tsufa a zafi, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Agadas zafin bazara yana haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin shago mai rufin kwano. Wane nau'i ne ya fi jurewa, a wane matakin caji ya kamata a tsayar da shi, kuma wane irin ɗaki ne zai tsawaita rayuwarsa ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba? Amsar tana daidai da miliyoyin nairori ga kowane asibiti da ke ajiye allurar rigakafi da sola.

Ta biyu ita ce gaskiyar abin da ake sayarwa. A kasuwannin waya da kayan lantarki na Kano da Kaduna ana ganin matasa zaune da tulin matattun baturan kwamfutar tafi-da-gidanka, suna ɓare su suna fito da ƙananan batura masu siffar gwangwani, suna ɗora 'yar mita a kan kowane ɗaya, suna ware masu rai suna liƙa su da dalma su zama batirin fitila ko na fanka. Wannan fasaha ce ta gaske, kuma ita ce farkon abin da a wasu ƙasashe ake kira ba wa batir rayuwa ta biyu, amma mitar tana auna bolt ne kawai, ba ta nuna yawan wutar da batirin zai riƙe ko yadda cikinsa ya lalace, kuma batir ɗaya mai rauni a cikin jeri yana iya tada gobara. Ɗakin gwaji mai zaman kansa da zai auna baturan da ake shigowa da su, ya bayyana waɗanda lambar da ke jikinsu ƙarya ce, ya kuma koya wa waɗannan matasa tantancewa, zai yi wa jama'a amfani tun a shekararsa ta farko. Haka ma batun matattun baturan dalma da ake fasawa ana zubar da ruwansu a ƙasa ana narka su a fili: yankin da ya rasa yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 sakamakon gubar dalma daga dutsen zinariya bai kamata a sake yi masa bayanin haɗarin ba.

Ta uku ita ce sodiyum, sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa. Batirinsa bai kai na litiyum riƙe wuta a nauyi ɗaya ba, amma ba ya buƙatar litiyum ko kobal ko fallen tagulla, kuma nauyi ba matsala ba ce ga batirin da zai zauna a kusurwar ɗaki. CATL ta sanar da nata a 2021, kamfanin HiNa kuma ya fito ne a 2017 daga cibiyar nan ta Chen Liquan. Sodiyum ba ya shiga girafait yadda ya kamata, don haka anod ɗinsa wani irin gawayi ne mai tauri da ake samu ta hanyar gasa kayan tsiro a zafin da ya haura digiri 1,000 ba tare da iska ba, kamar yadda Dahn da abokin bincikensa Stevens suka nuna da sukari a 2000, kuma a Japan ana yin sa da ɓawon kwakwa. Ƙaiƙayin shinkafa da ke tule a bayan injinan Kura da Argungu, da ɓawon gyaɗa, da kanwar tafkin Chadi da ake fatauci da ita tun ƙarnuka, duk abubuwan da suka cancanci gwaji ne na tsanaki. Faɗuwar farashin litiyum ta rage wa sodiyum armashi a kasuwa, kuma babu tabbacin gawayin ƙaiƙayi zai yi gogayya da na kwakwa, amma ɗalibin da ya yi shekara huɗu a kan wannan tambaya zai fito ya san tanderu, ya san na'urar eksire, ya san tsufan batir, ko da amsar ta zo da a'a.

Akwai masu cewa kwamfuta ta kusa raba mutane da duk wannan wahala, tunda a 2023 kamfanin DeepMind ya sanar da cewa manhajarsa ta yi hasashen sababbin sinadarai miliyan 2.2. Amfanin irin wannan ga talakan mai bincike gaskiya ne, musamman rumbun Materials Project da aka buɗe kyauta tun 2011, wanda ɗalibi a Katsina zai iya shiga ya yi lissafi ba tare da tanderu ba. Amma hasashe ba kaya ba ne, kuma masana sinadarai sun soki yawancin jerin da cewa ba a nuna sabuntarsu ko amfaninsu ba. Manhajar ba ta san abin da ke gauraye da dutsen Nasarawa ba sai wani ya auna ya gaya mata.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tarayyar Afirka ta daɗe da sa wa ƙasashenta burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan bincike, Nijeriya da Nijar duk suna ƙasa da haka nesa ba kusa ba, alhali China ta haura kashi 2.5, Koriya ta Kudu kuma tana kusa da kashi 5. Ba a buƙatar jiran a cike wannan gibi kafin a motsa. Lasisin haƙar litiyum na iya ɗaukar sharaɗin cewa wani yanki na harajin zai tafi kai tsaye ga ɗaki ɗaya ko biyu na gwajin batir, a jami'o'in da ke da tushe, da wutar sola mai zaman kanta wadda ba ta ɗaukewa, da kuɗin gudanarwa na shekara goma da ba ya jiran sakin kasafi. Yana iya kuma ɗaukar sharaɗin cewa kowace masana'anta za ta karɓi ɗaliban digiri na biyu da na uku a cikin ɗakin auna samfurinta, ba a bakin ƙofa ba. Kuma cewa ba za a fitar da gari ba sai ɗakin gwajin ƙasa ya auna shi ya sa hannu. Asusun TETFund na iya biyan albashin masu bincike bayan digiri na uku na shekara uku zuwa biyar, matakin da kusan babu shi a jami'o'in yankin, wanda kuma a daidai shi ne matasa ke ficewa. Gwamnonin Nasarawa da Kaduna da Neja, waɗanda dutsen ke ƙarƙashin ƙasarsu, su ma suna zama da kamfanonin a teburin yarjejeniya, kuma a irin wannan zama ana iya shigar da irin waɗannan sharuɗɗa, kafin a sa hannu.